Darasi na 6: Baƙaƙen Hanɗa a Harshen Sifaniyanci

Manufofin darasi

Idan aka kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. Nuna inda hanɗa take a cikin baki, da yadda doron harshe ke haɗuwa da ita.
2. Furta sautin k, da g mai ƙarfi, da g mai taushi, da sautin da ake kira *jota*.
3. Karanta haruffan c, qu, k, g, gu, gü, j da x yadda masu harshen suke karanta su.
4. Gane ɗabi'un bakin Bahaushe da ke taimaka masa a nan, da waɗanda ke kawo masa cikas.
5. Fahimtar mai magana, ko mutumin Madrid ne, ko na Meziko, ko na Kuba.

1. Ina hanɗa take?

Ku ɗora tsinin harshe a bayan haƙoran sama, ku ja shi baya sannu a hankali kuna shafar rufin baki. Za ku fara cin karo da wani ɗan tudu, sunansa hanƙa, a nan ake furta t da d da n. Gaba da shi akwai wuri mai tauri kamar ƙashi, ganɗa ke nan. In kuka ƙara matsawa sai taurin ya ƙare, nama mai laushi ya fara. Wannan ita ce hanɗa, kuma a ƙarshenta beli yake reto.

Da ƙyar tsinin harshe yake kaiwa can, ba ma aikinsa ba ne. Doron harshe, wato can bayansa, shi ke tashi ya tarar da hanɗa. Ku ce *kaka*, ku ce *ganga*, ba tare da gaggawa ba. Za ku ji tsinin harshe yana kwance abinsa, bayan ne ke hawa yana sauka.

> Akwatin kalmomi
> Hanɗa: sashen rufin baki mai laushi, can ciki kusa da beli.
> Bahanɗe (jam'i, hanɗawa): baƙin da ake furtawa idan doron harshe ya taɓa hanɗa ko ya kusance ta.
> Ziza: karkarwar da ake ji a maƙogwaro wajen furta wasu sautuka. G yana da ziza, k ba shi da ita. Ku ɗora yatsu a wuya ku gwada.
> Tsayau: baƙin da ake tare iska gaba ɗaya kafin a sake ta, kamar k da g.
> Zuzau: baƙin da iska ke kutsawa ta matsattsiyar hanya tana zuza, kamar s.

Bahaushe ba baƙo ba ne a hanɗa. Muna da k da g da ƙ, muna da kw da gw da ƙw, ga kuma ky da gy da ƙy, tara ke nan. Sifaniyanci, wanda kusan mutum miliyan 500 suka tashi da shi a baki, hanɗawa uku kacal yake da su masu bambanta ma'ana: k, g da *jota*. Ta fuskar yawa mun fi su nesa ba kusa ba.

To ina wahalar take? A wuri biyu. Na farko ido ne: haruffan boko iri ɗaya muke gani, amma aikin da suka ba c da j da g ba shi muka ba su ba. Na biyu kuwa, taran nan namu duk rufe hanyar iska suke yi ruf. Ku ɗauki doron harshe da hanɗa kamar ƙofa. Mun iya rufe ta mu buɗe. Mai Sifaniyanci yakan rufe, amma yakan kuma saya ta kawai, ya bar 'yar kafa iska na wucewa. Wanda ya koyi barin wannan kafa ya gama da rabin darasin nan.

2. Sautin k

Sautin namu ne, na *kaka* da *kifi* da *kunu*. Rigimar tana wajen rubutu. Ba su cika amfani da harafin k ba sai a kalmomin aro irin su *kilo* da *kilómetro*. Ga yadda suke yi:

Gaban a, o, u, ko gaban wani baƙi, da c ake rubuta shi: *casa* (kasa) gida, *cosa* (kosa) abu, *cuchara* (kucara) cokali, *clase* (klase) aji.

Gaban e da i, da qu ake rubuta shi, kuma u ɗin ba a furta shi: *queso* (keso) cuku, *aquí* (aki) nan, *pequeño* ƙarami.

Idon da ya saba da karatun Hausa, da ya ga c sai ya kira shi c na *ciki* da *cokali*. Kalmar *casa* ta isa misali. Muna da kalmomi uku a Hausa da za ta iya faɗawa cikinsu: *kasa*, *ƙasa* da *casa* ta masussuka. Ta farkon ita ce daidai. Sautin c namu da ch suke rubuta shi, don haka *coche*, wato mota, ana kiranta koce, *leche*, madara, lece.

Idan c ya zo gaban e ko i, ya fita daga hanɗa ke nan. A ƙasashen Latin Amurka s ne, a yawancin Sifaniya kuma ana sa tsinin harshe tsakanin haƙora kamar ث na Larabci. Kalmar *cinco*, biyar, ta haɗa c ɗin duka biyu: sinko.

In ana son sautin kw, cu ake rubutawa gaban wasali: *cuatro* (kwatro) huɗu, *cuando* (kwando) lokacin da, *escuela* (eskwela) makaranta. Wannan bai taɓa ba Bahaushe wahala ba.

Akwai abu biyu da nake so a kula da su. Na farko, k na Sifaniyanci ba ya fitowa da hucin iska. Ku riƙe siririyar takarda gaban leɓe ku ce *casa*. In takardar ta kaɗa, ku rage. Wannan ya fi shafar waɗanda suka yi Turancin Ingilishi, inda k na farkon kalma ke zuwa da huci sosai. Sai dai a yi hattara: mutum yana ƙoƙarin danne iska sai ya toshe maƙogwaro, k ya koma ƙ. Sifaniyanci ba shi da ƙ ko kaɗan. Kalmar *alcalde*, magajin gari, da tamu *alƙali* duk daga Larabci suka fito, tushensu ɗaya, amma mu muka sa ƙ, su k suka sa: alkalde.

Na biyun ya fi ɓuya, domin bakinmu yana yin sa ba mu sani ba. Ku tsaya gaban madubi ku ce *koko*. Leɓɓa sun zumɓuro tun kafin k ya fito, abin da ake ji kusan kwokwo ne. Ku ce *keke*, kusan kyekye ne. Haka Hausa take: k da g sukan ɗauko w gaban o da u, su ɗauko y gaban e da i. A Sifaniyanci abin kaɗan ne ƙwarai, kuma in ya yi yawa kalma tana iya sauyawa. *Cota* alamar tsayin wuri ce a taswira, *cuota* kuwa kuɗin da ake biya duk wata. *Queso* keso ne ba kyeso ba. In suna son ky, za ku ga i a rubuce: *quiero* (kyero) ina so, *quién* (kyen) wane ne.

3. Sautin g: mai ƙarfi da mai taushi

Rubutunsa yana bin sawun na k. Gaban a, o, u ko wani baƙi, g ne shi kaɗai: *gato* kyanwa, *gota* ɗigo, *gusto* daɗi, *grande* babba. Gaban e da i sai a sa masa u marar sauti, ya zama gu: *guerra* (gerra) yaƙi, *guitarra* (gitarra) jita, *Miguel* (Migel). U ɗin nan gadi yake yi, in babu shi g zai koma wani sauti dabam, kamar yadda za mu gani a sashe na 4.

To idan ana so u ya yi magana fa? Sai a ɗora masa ɗigo biyu: *bilingüe* (bilingwe) mai harshe biyu, *vergüenza* kunya, *Agüero* sunan ɗan ƙwallon nan na Ajantina. Gaban a kuwa ba a bukatar ɗigo, u yana fita da kansa: *guante* (gwante) safar hannu, *Guatemala*, *Paraguay*.

> Akwatin kalmomi
> Diéresis: ɗigo biyu a kan u (ü). Suna nuna cewa a furta u a cikin *güe* da *güi*.
> G mai ƙarfi: doron harshe ya manne da hanɗa, iska ta tsaya, sannan a sake ta.
> G mai taushi: doron harshe ya kusanci hanɗa bai taɓa ta ba, murya tana wucewa ba yankewa. A darasin nan za mu rubuta shi da gh.

Harafi ɗaya ne, masu harshen ma da yawa ba su san suna furta shi iri biyu ba. Ƙa'idar gajeriya ce. G mai ƙarfi yana zuwa a wuri biyu: a farkon magana bayan an yi shiru, da kuma bayan n. Duk wani wuri, mai taushi ne.

Mu gwada da kalmomin da suka yi kama da namu. Bahaushe ya ce *daga* Kano, g ya tsaya cak a tsakiya. Mai Sifaniyanci ya ce *daga*, wato 'yar wuƙa mai baki biyu, sai ka ji dagha, wasali na farko ya zarce cikin na biyu ba a datse shi ba. Muna da *goma*, su ma suna da *goma*, roba ko abin goge rubutu. In aka faɗe ta ita kaɗai, g ɗin ƙaƙƙarfa ne irin namu. Da an sa *la* a gabanta, *la goma*, sai ya zama la ghoma, domin yanzu yana tsakanin wasula biyu. Ke nan ba farkon kalma ake dubawa ba, abin da ya gabace shi a cikin magana ake dubawa.

Misali na 1. *Tengo un gato y una gallina.* Ina da kyanwa da kaza.
A *tengo*, g ya biyo bayan n, mai ƙarfi ne. A *un gato* ma n ne ya gabace shi, ko da yake a wata kalma yake, don haka mai ƙarfi ne. A *una gallina* wasali ne ya gabace shi, mai taushi ne.

Misali na 2. Mai sharhin ƙwallo ya kwarma ihu, *¡Gol!* Farkon magana ne, mai ƙarfi. *Un gol*, mai ƙarfi. *La Liga*, *Diego*, *Málaga*, *Vigo*, duk masu taushi ne: ligha, Dyegho, Malagha, Bigho.

Yaya ake fitar da shi? Wanda ya yi tajwidi ya san غ. G mai taushi ɗan'uwansa ne, amma ya fi shi sauƙi, ya fi shi matsowa gaba, kuma babu gurzawa. A maganarmu ta yau da kullum mun mai da غ ya zama g, shi ya sa muke cewa *magariba* da *gafara*, a ajami ma da shi muke rubuta g. Yanzu hanyar za mu bi mu koma. Ku ce a-ga da ƙarfi sau uku. Sai ku sake faɗa da sanyin jiki, kuna ɗaga doron harshe amma ku dakatar da shi kafin ya kai. In kuna iya jan sautin ba tare da murya ta yanke ba, kun samu. Ku bi da *amigo* aboki, *lago* tafki, *luego* an jima, *algo* wani abu, *agua* ruwa.

Gaskiyar magana, wanda ya furta g mai ƙarfi ko'ina za a fahimce shi. A Ikwatoriyal Gini, maƙwabciyar Kamaru, inda Sifaniyanci yake harshen hukuma, mutane da yawa haka suke yi. A wasu sassan Kolombiya da Amurka ta Tsakiya kuma, g yakan tsaya da ƙarfinsa bayan l da r da s. Amma ban yarda a tsallake sashen nan ba, saboda kunne. Mutumin Sevilla ko Habana in ya ce *agua* da sauri, abin da zai iso kunnenku kusan awa ne. Wanda bai san da g mai taushi ba zai tsaya neman kalmar da ya riga ya sani. A fara da koyon ji, baki zai biyo baya.

4. Jota

Wannan shi ne sautin da babu shi a Hausa, shi ne kuma wanda aka fi yi wa kuskure. *Jota* sunan harafin j ne, ana kiransa khota. Za mu rubuta sautin da kh, kamar yadda ake rubuta Khalid da Khadija.

> Akwatin kalmomi
> Jota: bahanɗe, zuzau, marar ziza. Doron harshe yana matsowa dab da hanɗa, iska tana kutsawa da ƙara, maƙogwaro ba ya karkarwa.

Da harafi biyu ake rubuta shi. J a ko'ina: *jabón* sabulu, *ojo* ido, *mujer* mace, *jueves* Alhamis, *trabajo* aiki, *viaje* tafiya. Sai g idan ya zo gaban e ko i ba tare da u ba: *gente* (khente) mutane, *página* (pakhina) shafi, *colegio* makaranta. Sunan *Jorge* ya haɗa su biyun, kuma sauti ɗaya suke bayarwa: Khorkhe.

Hanya mafi sauƙi ita ce a fara daga k. Ku ce ak, ku riƙe harshe a wurin, iska ta taru. Maimakon ku sake shi gaba ɗaya, ku sassauta kaɗan, ku bar iska ta riƙa fita: akhhh. Wurin bai canza ba, matsewar ce ta ragu. In kun iya riƙe ƙarar na ɗan lokaci, ku ƙara wasali: akho. Kun faɗi *ajo*, tafarnuwa. Kada a tura shi can cikin maƙogwaro har ya zama kaki, babu bukata.

Masu karatun allo sun san shi a harafin خ. Nan ma bakinmu ya daɗe da sassauta shi zuwa h: *Alhamis*, *alheri*, *lahira*, *Halidu*, *Hadiza*, duk خ ne asalinsu. Wannan ɗabi'a ba za ta cuce ku ba, domin su kansu masu Sifaniyanci ba baki ɗaya suke furta jota ba. A Madrid da arewacin Sifaniya suna jan shi baya har beli ya kaɗa, ya fito da kaushi. A Meziko da Ajantina a hanɗa yake daidai, ya fi laushi. A Kuba, da Benezuwela, da yawancin Kolombiya da Amurka ta Tsakiya, da tsibiran Kanari da yammacin Andalus, h ne kamar namu, *ojo* ya zama oho. Mutanen Chile kuwa gaban e da i sukan matso da shi ganɗa, *gente* ta yi kamar khyente.

Shawarata ita ce ku nemi na tsakiya, irin na Meziko, domin ko'ina ana karɓarsa. In ya ƙi fita, ku yi h mai kyau da ake ji. Abin da ba za a karɓa ba shi ne j na *jaki* da *jiya*, ko j na Faransanci ga 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi. Wanda ya kira *José* da j ɗin Hausa, mai sunan ba lalle ya waiwayo ba.

A kula kuma: harafin h a Sifaniyanci bebe ne, ba a furta shi sam. *Hola* ola ce, *hora* ora ce. A kalmar *hijo*, ɗa, h na farko shiru, j na tsakiya shi ke da sauti: ikho.

Ga kalmomin da bambancinsu ke tsakanin g da jota kawai. Ku faɗe su bibbiyu, wani yana saurare ya faɗa muku wadda ya ji:

*higo* ɓaure, *hijo* ɗa
*hago* ina yi, *ajo* tafarnuwa
*gusto* daɗi, *justo* mai adalci
*liga* ƙungiyar gasa, *lija* sanfefa
*digo* ina cewa, *dijo* ya ce

Ta ƙarshen nan ta fi sauran muhimmanci. Sauti ɗaya ne ya raba maganarka ta yanzu da maganar wani ta jiya. A wurin aiki, ko gaban likita, ko wajen ba da shaida, ruɗa *digo* da *dijo* ba ƙaramin abu ba ne.

Me ya sa j ɗinsu ya bambanta da na sauran Turawa? A tsohon Sifaniyanci akwai sautin sh, ana rubuta shi da x, akwai kuma j irin na Faransanci. A ƙarni na 16 sai biyun suka haɗe suka zama sh, daga nan sh ɗin ya riƙa ja da baya a cikin baki har ya isa hanɗa a ƙarni na 17. Lokacin da littafin marubucin nan Cervantes ya fito a 1605, *Quixote* aka buga a bangonsa, kuma Faransawa da suka ari sunan a zamanin suka rubuta *Quichotte*, har yau da sh suke kiransa. Kalmomin da suka shigo daga Larabci a zamanin Musulunci a Andalus, tsakanin 711 da 1492, su ma wannan guguwa ta kwashe su. *Jarabe*, maganin sha mai zaƙi, daga *sharab* yake. *Ojalá*, da suke faɗa in suna fatan abu, 'yar'uwar *in sha Allahu* ce, sh ɗinta ne ya zama kh: okhala.

A 1815 hukumar kula da harshen, Real Academia Española, wadda aka kafa a 1713, ta ce a daina rubuta wannan sauti da x, a koma j. *Quixote* ya zama *Quijote*. Mutanen Meziko suka riƙe x a sunan ƙasarsu. Shi ya sa *México*, *Oaxaca* da *Texas* ake kiransu Mekhiko, Wakhaka da Tekhas. A sauran kalmomi, x tsakanin wasula ks ne: *taxi*, *examen* jarrabawa.

Misali na 3. Sunayen da kuke ji a gidan kallon ƙwallo: *Sergio Ramos* Serkhyo ne, *Juan Mata* Khwan, *Javier* Khabyer, *Getafe* Khetafe, *Gijón* Khikhon. *James Rodríguez* ɗan Kolombiya ne, Hames ake kiransa a gida, kuma *-guez* ɗin ghes ne, u bebe ne. Sai dai ba kowane sunan da ke La Liga ba ne na Sifaniyanci. *Jordi* da *Girona* na harshen Kataloniya ne, *José Mourinho* ɗan Fotugal ne. Waɗannan ba su da jota, j da g ɗinsu sun fi kusa da j na Faransanci.

5. N a gaban hanɗawa

Nan kyauta muka samu. Ku ce *banki*, *ganga*, *hankali*: n ɗin ba a hanƙa yake ba, ya bi k da g can baya. Haka yake a *cinco*, *tengo*, *banco*, *naranja* lemo, *ángel* mala'ika, har tsakanin kalmomi biyu, *con gusto*, da farin ciki. Ku bar baki ya yi abin da ya saba.

N na ƙarshen kalma ma a hanɗa muke furta shi, kamar a *nan* da *can*. Mutanen Kuba, da Andalus, da Galisiya haka suke cewa *pan*, burodi. Na Madrid da birnin Meziko kuwa suna ɗora tsinin harshe a hanƙa. Duka biyun daidai ne.

6. Baƙi biyu a jere

Hausa ba ta fara gaɓa da baƙi biyu, shi ya sa muke cusa wasali a kalmomin aro, muka sami *gilashi* da *kulob*. Sifaniyanci cike yake da cl, cr, gl, gr. *Gracias* gaɓa biyu ce, gra-cias. In kuka ce gi-ra-si-yas, huɗu kuka yi. Ku tafa hannu kuna ƙirgawa: cla-se, cre-ma, gran-de, ne-gro, tafi biyu kowacce. Dabarar ita ce tsinin harshe ya isa wurin l ko r tun doron harshe bai saki k ba. Haka nan a *doctor* da *octubre*, ba a sa wasali bayan c. A *lección*, darasi, cc ba k biyu ba ne: na farko k, na biyu s ko ث, leksyon.

7. Harafi ya canza, sauti bai canza ba

Idan ƙarshen kalma ya sauya, rubutu yakan sauya don a tsare sautin asali. Wanda ya gane ƙa'idojin da ke sama ba sai ya haddace waɗannan ba, zai hango su da kansa.

*busco* ina nema, *busqué* na nema
*pago* ina biya, *pagué* na biya
*seguir* bi, *sigo* ina bi
*escoger* zaɓa, *escojo* ina zaɓa
*poco* kaɗan, *poquito* ɗan kaɗan

Da an rubuta *pagé* ba u, da an karanta pakhe. Da an rubuta *escogo*, da jota ya ɓace.

8. A kantin kayan masarufi

Mai kanti: *Buenos días, señora. ¿Qué quiere?* Barka da safiya, malama. Me za a ba ki?
Mai saye: *Un kilo de naranjas, ajo y un poco de queso.* Lemo kilo ɗaya, da tafarnuwa, da cuku kaɗan.
Mai kanti: *¿Algo más?* Sai me kuma?
Mai saye: *Agua y jabón. ¿Cuánto es?* Ruwa da sabulu. Nawa ke nan?
Mai kanti: *Quince con cincuenta.* Yuro sha biyar da santi hamsin.
Mai saye: *Pago con tarjeta. Muchas gracias.* Da kati zan biya. Na gode ƙwarai.

Mu bi ta daki-daki. *Qué* ke ne, *quiere* kuwa kyere, saboda i yana rubuce. A *un kilo* da *naranjas* n ya koma hanɗa. *Algo*, *agua* da *pago* duk da g mai taushi. *Gracias* da ita kaɗai aka faɗa da g ɗin ya yi ƙarfi, amma s na *muchas* ya gabace shi, don haka ya yi taushi. Jota ya fito sau huɗu: *naranjas*, *ajo*, *jabón*, *tarjeta*. Tarkon yana layin kuɗi. A *quince*, c ɗin gaban e yake, ba bahanɗe ba ne, n ɗin da ke gabansa ma bai koma baya ba. A *cincuenta*, c na farko s ne, na biyu k, tare da u suka ba da kw: sinkwenta.

Ku kasu biyu-biyu ku karanta hirar, sannan ku musanya. In da waya a hannu, ku naɗi muryarku ku saurara, domin kunne yakan kama abin da baki bai lura ya yi ba.

Tambayoyin bita

1. Ina hanɗa take, kuma wane sashe na harshe ne ke haɗuwa da ita?
2. Mene ne bambancin tsayau da zuzau? Kawo misalin kowanne daga hanɗawan Sifaniyanci.
3. Rubuta yadda ake furta waɗannan da haruffan Hausa: *cama*, *noche*, *quince*, *cuchillo*, *cocina*.
4. A waɗanne wurare biyu ne g yake da ƙarfi? Nuna mai ƙarfi da mai taushi a nan: *Mi amigo Gustavo tiene un gallo.*
5. Me ya bambanta *gue* da *güe* da *ge*? Kawo kalma ɗaya ga kowanne.
6. Ware waɗannan gida biyu, masu jota da marasa shi: *girasol*, *guiso*, *hoja*, *hola*, *gigante*, *examen*, *México*, *agosto*. Wace kalma ce take da jota da g a tare?
7. Yaya mutumin Madrid, da na Meziko, da na Kuba za su furta *trabajo*?
8. Wani ya so ya ce “ya ce”, sai ya furta *digo*. Me mai saurare zai fahimta, kuma yaya za a gyara?
9. Me ya sa Bahaushe kan furta *cota* kamar *cuota*? Yaya madubi zai taimaka?
10. Gaɓa nawa ce a *grande*, *iglesia* da *crema*?
11. *Llegar* na nufin isowa, *llego* ina isowa. Yaya za a rubuta “na iso”, in ƙarshen kalmar é ne? Bayyana dalili.
12. Shirya gajeriyar hira ta layi huɗu tsakanin mai saye da mai sayarwa, ka sa aƙalla kalma biyu masu k, biyu masu g mai taushi, biyu masu jota, sannan ka karanta wa aji.